Raɗa wa sabuwar kwamfuta suna da shigar da ita domen na ofis

Da Shawwal ya kama, ofisoshin da ke hidimar alhazai a Makka da Jidda da Madina sukan fara ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, kuma kowane sabon ma'aikaci da kwamfutarsa. Sai ka tarar da kwalaye ashirin ko talatin jibge a lungun ofis, an ce wa mai kula da na'urori, wanda sau da yawa ɗan'uwanmu ne Bahaushe, ya gama haɗa su kafin Lahadi. Shigar da kwamfuta ɗaya cikin domen ba ya cin minti biyar. Abin da ke cin rai shi ne gyaran kuskuren da aka tafka a cikin waɗannan mintunan, domin wani kuskuren ba ya fitowa sai bayan wata uku, ranar da ofis ya cika da fasfunan mutane.

Domen, wanda Windows na Larabci ke kira majal, tsari ne da ke tattara ma'aikata da kwamfutocin ofis a ƙarƙashin rajista ɗaya. Rajistar ita ce Active Directory, wadda Microsoft ta fito da ita tare da Windows 2000 Server, kuma tana zaune ne a kan saba ɗaya ko fiye, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, abin da wasu ke kira uwar garke. Yawancin mutane sun san ma'aikaci yana da asusu da kalmar sirri a wannan rajista. Kaɗan ne suka san ita ma kwamfutar tana da nata asusun. Sunanta ne da alamar dala a ƙarshe, tana da kalmar sirri mai tsawo da ba ɗan Adam ke bugawa ba, kuma ita da kanta take sauya ta duk bayan kwana 30. Wanda ke zaune a Saudiyya zai gane wannan da sauri in ya tuna da iƙama: suna ɗaya, lamba ɗaya, kuma da ita ake saninka a kowace ƙofa. In mutum biyu suka riƙe iƙama ɗaya, dole ɗayansu ya shiga matsala. Haka lamarin yake ga kwamfuta, shi ya sa maganar take farawa daga suna.

Sunan

Windows yakan ba sabuwar kwamfuta suna irin DESKTOP da haruffa bakwai na ka-cici-ka-cici a bayansa. In aka shigar da ita domen da wannan sunan, rajistar ofis ta koma jerin sunaye da ba wanda zai iya cewa wannan ta wane tebur ce. Don haka a raɗa mata suna tukuna, sannan a kai ta rajista.

Iyakar farko ita ce tsawo: kada sunan ya wuce harafi 15. Wannan gado ne daga tsohon tsarin NetBIOS, wanda ya ware gurbi 16 ga suna, na ƙarshen kuma ya riƙe shi don nuna irin hidimar da na'ura ke yi. DNS, tsarin da ke fassara sunan na'ura zuwa adireshinta na lamba, zai karɓi suna har harafi 63, Windows ma zai bar ka ka rubuta dogon suna bayan ɗan gargaɗi, amma zai gutsure shi a harafi na 15 wajen buɗe asusun. Duba waɗannan biyun: MAKKAH-ACCOUNTS-01 da MAKKAH-ACCOUNTS-02. A ido sunaye biyu ne. Ƙirga haruffan ka gani, MAKKAH-ACCOUNTS kaɗai ya cika 15, lambar da ta bambanta su ta faɗi ƙasa. A wurin rajista kwamfuta ɗaya ce ta zo sau biyu.

Sai haruffan da aka yarda da su. Tsaya a kan A zuwa Z na boko, da lambobi, da ɗan karan tsakiya (-). Ban da tazara, ban da ɗigo, ban da karan ƙasa (_), domin ƙa'idar sunayen intanet ba ta san shi ba, kuma wasu manhajoji da takardun shaidar tsaro sukan ƙi shi. Sunan da lambobi ne zalla, kamar 00412, ba ya karɓuwa ga kwamfutar da ke cikin domen. Haruffan Larabci kuwa, ko da allon ya karɓa, a guje su: kowane ɗaya yana cin gurbi biyu, kuma firinta da na'urar ɗaukar hoton takardu da manhajojin ajiya da yawa sukan mayar da su alamar tambaya. Haka ƙ da ɗ da ɓ namu. Suna da muhalli a cikin wasiƙa, amma ba a sunan na'ura ba.

Abin da aka fi yin gardama a kai shi ne me za a sa a cikin sunan. Al'adar ƙananan ofisoshi ita ce sunan mai tebur: PC-MUDIR (ta manaja), PC-HISABAT (ta sashen lissafin kuɗi), ko sunan ma'aikacin kai tsaye. Ra'ayinmu a nan a fili yake, kada a yi haka. Ma'aikaci yakan sauya kafili ya bar ofis, ko a mayar da shi wani reshe, kwamfutar kuwa tana nan, sai ka iske sabon mutum yana aiki a kan na'ura mai sunan wanda ya koma gida shekara biyu da suka wuce. Ga kuma tsaro: duk wanda ya leƙa hanyar sadarwar ofis ya ga PC-MUDIR ya san inda zai fara. Ƙa'idar da ke aiki ita ce a sa abin da ba ya sauyawa a cikin suna, abin da ke sauyawa kuma a rubuta shi a gurbin bayani na asusun, inda gyara shi bai wuce daƙiƙa goma ba.

Abin da ba ya sauyawa shi ne irin na'urar da lambar kadarar da ke kan sitikar da aka manna mata. Ga kwamfutar tebur ana iya ƙara gari, tunda ba kasafai take tafiya ba. Misali JED-PC-00412, harafi 12 ke nan, da sauran gurbi uku. Ana iya aron alamun filayen jirgi da kowa ya sani, JED ga Jidda, RUH ga Riyad, MED ga Madina, DMM ga Dammam. Makka ba ta da filin jirgi, don haka sai ofis ya zaɓi nasa haruffa uku, kamar MKH, ya rubuta, kowa ya bi. Laftof kuwa a bar gari daga sunanta, LT-00587 ya wadatar, domin yau tana Jidda, gobe an tafi da ita Aziziyya, jibi tana cikin tanti a Mina. Masu son sa shekarar saye a suna su tsayar da kalanda ɗaya tun farko. In wani ya rubuta 24 yana nufin 2024, wani ya rubuta 46 yana nufin 1446, bayan shekara uku ba mai iya warware jerin.

A sa sifili a gaban lamba tun ranar farko. 00412 ya fi 412, saboda jerin zai tsaya a tsare ko da na'urori sun kai dubu. Kuma lambar da aka taɓa bayarwa kada a sake ba wata na'urar, ko da ta farkon ta mutu. Tsoffin bayanai, da kundin tsaro, da takardun garanti duk suna ɗauke da wannan lambar. Hukumar tsaron intanet ta ƙasar Saudiyya, wadda aka kafa a 2017, ta sanya riƙe cikakken lissafin kadarorin fasaha cikin muhimman ƙa'idojin da ta fitar a 2018. Ma'aikatun gwamnati da masu riƙe da muhimman ababen more rayuwa ne ƙa'idojin suka wajaba a kansu, amma ko ƙaramin ofis zai ci moriyar sunan da ya yi daidai da sitika, ya yi daidai da layin da ke cikin takardar lissafi.

Shi ma domen ɗin yana da suna, kuma in yanzu ake kafa shi, a yi tunani sosai, don sauya shi daga baya aiki ne mai haɗari. An daɗe ana amfani da ƙarshen .local, amma tun 2013 an keɓe wannan ƙarshen a hukumance ga wani tsarin gano na'urori da kayan Apple da firintoci ke amfani da shi, kuma biyun sukan yi karo. Mafi alheri shi ne reshe na sunan da ofis ya riga ya yi wa rajista. In shafin ofis misali.com.sa ne, sai domen ya zama ofis.misali.com.sa. Da wannan sunan za mu yi misalai a ƙasa.

Kafin a taɓa maɓallin shigarwa

Da farko a duba irin Windows ɗin. Home ba ya shiga domen, sai Pro ko Enterprise ko Education. Yawancin laftof da ake sayarwa a kantuna don amfanin gida Home ne a kansu, kuma mai sayen kayan ofis da ya bi araha a kasuwar kwamfuta ta Ulayya a Riyad ko titin Khalid bin Walid a Jidda zai iya dawowa da ashirin irinsu bai sani ba. Buga winver a gurbin bincike na Windows ka gani. In Home ne, sai an sayi lasisin ɗaukaka shi zuwa Pro. A kuma tuna cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka sabuwar na'ura ta zo da Windows 11.

Wajen kunna Windows 11 Pro karon farko, allon zai matsa maka ka shiga da asusun Microsoft. Zaɓi saitin aiki ko makaranta, ka shiga sauran hanyoyin shiga, a nan za ka ga zaɓin shiga domen a madadin haka. Wannan zaɓin ba ya shigar da ita ko'ina, asusun cikin gida kawai yake buɗe maka don ka ƙarasa aikin da hannunka. Kada a rikita wannan da Entra ID, wanda kafin 2023 ake kira Azure AD. Shi rajista ce da ke gajimaren Microsoft, kuma shigar da na'ura cikinta ba ya sa ta zama 'yar domen na sabar da ke ɗakin ofis.

Na biyu, kuma a nan ne mafi yawan gazawa ke fitowa: DNS. Kwamfuta ba ta san inda sabar domen take ba, tambaya take yi. Tana aika wa DNS tambaya a kan wani rubutu na musamman mai suna _ldap._tcp.dc._msdcs sannan sunan domen, amsar kuma ita ke nuna mata ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. DNS na cikin ofis ne kaɗai ya san wannan amsa. To a ƙananan ofisoshi, rauta, wato akwatin intanet da kamfanin sadarwa ya kawo, ko STC ne ko Mobily ko Zain, ita ke raba adireshi ga na'urori, kuma a yadda take fitowa daga kwali kanta take gabatarwa a matsayin DNS. Intanet zai yi aiki sumul, har kana iya taɓa sabar da adireshinta na lamba ta amsa, amma da ka ce shiga domen sai Windows ya ce bai sami mai kula da domen ɗin ba. Gwajin layi biyu ne, a buga su a PowerShell, allon buga umarni na Windows:

`ipconfig /all`

`nslookup -type=SRV _ldap._tcp.dc._msdcs.ofis.misali.com.sa`

Na farkon zai nuna maka wane DNS na'urar ke tambaya, dole ya zama adireshin sabar ofis. Na biyun dole ya dawo da sunan sabar da ƙofa 389 (ƙofa a nan lamba ce da ake isa ga wata hidima ta saba da ita). In bai dawo ba, kada ka ci gaba. Gyaran da ya dace shi ne a kashe rabon adireshi a kan rauta, a bar saba ta yi, ko a gyara rautar ta riƙa ba da adireshin saba a matsayin DNS. Wani kuskure mai kama da dabara shi ne sa saba a gurbi na farko, a sa 8.8.8.8 na Google a gurbi na biyu wai don ko saba ta faɗi. Ranar da saba ta yi jinkirin amsa na ɗan lokaci, Windows zai koma ga na biyun ya ɗan zauna a can, kuma Google bai san domen ɗinku ba. Sakamakon shi ne ciwo mai zuwa yana tafiya: yau babban fayil na ofis ya buɗe, gobe ya ƙi. Gurbi na biyu na sabar domen ta biyu ne. Tambayoyin waje kuwa, saba ce za ta miƙa su gaba. A kuma duba IPv6, sabon tsarin adireshin intanet, domin wasu rautoci sukan tallata nasu DNS ta wannan hanya, Windows kuma ya fifita shi a kan wanda ka saita.

Na uku agogo. Kerberos, tsarin da ke tantance kowa a domen, ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin kwamfuta da saba. Kuma ba lokacin da ke kan allo yake dubawa ba, lokacin duniya na UTC yake lissafawa. Ga yadda abin ke kama mutanenmu: an zo da laftof daga Kano, yankin lokacinta na Afirka ta Yamma ne, awa ɗaya gaba da UTC. Saudiyya awa 3 take gaba da UTC duk shekara. Mai ita ya sauka Jidda, ya ga agogon na baya da awa biyu, sai ya tura shi gaba da hannu bai sauya yanki ba. Allo ya nuna ƙarfe goma, agogon bango ma ƙarfe goma, amma a lissafin Kerberos na'urar ta yi gaba da awa biyu cur. Wadda aka kawo daga Khartum, awa ɗaya za ta yi, tunda Sudan ta koma awa 2 gaba da UTC a Nuwamba 2017. Maganin shi ne a gyara yankin tukuna:

`tzutil /s "Arab Standard Time"`

A lura da rubutun da kyau. Akwai sunaye uku masu kama da juna a Windows. Arab na Riyad da Kuwait ne, Arabic na Bagadaza, Arabian kuwa na Abu Dhabi da Maskat, wanda ya ɗara namu da awa ɗaya. Bayan shiga domen na'urar za ta riƙa ɗaukar lokaci daga saba da kanta, amma a ranar shigarwa alhakin yana kanka.

In reshe ne da ke haɗe da hedikwata ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya ta cikin intanet, ko akwai katangar tsaro tsakanin ɓangarorin ofis, a tabbatar waɗannan ƙofofin a buɗe suke zuwa saba: 53, 88, 123, 135, 389, 445, 464, da jerin 49152 zuwa 65535. Kuma a yi aikin da kebul ɗin sadarwa a jiki in da hali, tunda Wi-Fi na ofisoshi da yawa ba ya karɓar na'urar da ba ta riga ta zama 'yar gida ba.

Wa ke shigarwa, kuma ina za ta sauka

A yadda Active Directory ke fitowa, duk ma'aikacin da ke da asusu, ko da na wucin gadi ne, yana iya shigar da kwamfuta har 10 cikin domen ba tare da izinin kowa ba. Adadin yana cikin wani gurbi mai suna ms-DS-MachineAccountQuota. Mutane da yawa ba su san da shi ba sai ranar da mai haɗa na'urori ya kai ta goma sha ɗaya aka ce ya wuce iyaka. Amma matsalarsa ta fi haka girma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsaga ce: ɓarakar da Microsoft ta toshe a Nuwamba 2021, wadda aka fi sani da noPac, da wannan damar ake fara ta, ma'aikaci na ƙasa ya ƙirƙiri asusun na'ura, ya sauya masa suna ya yi kama da saba, ya wayi gari da ikon domen baki ɗaya. A ofis mai riƙe da kwafin fasfo da biza na dubban alhazai, a ƙasar da dokar kare bayanan mutane ta fara aiki tun Satumba 2023, wannan ba abin sakaci ba ne. A mayar da adadin sifili.

Kada kuma a gudu daga wannan a faɗa wa kishiyarsa, wato a riƙa yawo tebur-tebur ana buga kalmar sirrin babban admin na domen a kan kowace sabuwar na'ura. Wannan kalmar mabuɗin gida ce gaba ɗaya. A buɗe rukuni na masu shigar da kwamfuta, a ba shi izini a kan ɗakin rajistar da na'urorin za su zauna kawai, a sa masu aikin a ciki.

Ɗakin da muke nufi shi ne abin da ake taƙaitawa da OU. In ba ka faɗi inda na'ura za ta sauka ba, takan faɗa cikin wani akwati mai suna Computers, kuma dokokin Group Policy, wato saitocin da saba ke rarraba wa na'urori, ba sa rataya a kan wannan akwatin kai tsaye. Ke nan na'ura za ta shiga domen lafiya, ta samu dokokin da suka shafi domen duka, amma na reshenta, irin su firinta, da kulle allo, da BitLocker mai kulle bayanan faifai, ba za su iso ta ba. Hanya biyu ce: ko a faɗi ɗakin a cikin umarnin shigarwa, ko a yi amfani da redircmp sau ɗaya a kan saba don a karkatar da duk sababbin zuwa wani ɗakin jira mai tsauraran dokoki.

Wasu ofisoshin sukan buɗe asusun na'urar a rajista tun kafin a fito da ita daga kwali. Tsari ne mai kyau, amma akwai sauyin da ya kamata a sani. Tun sabuntawar 11 ga Oktoba 2022, wadda Microsoft ta bayyana a takarda mai lamba KB5020276, Windows ba ya barin ka shigar da na'ura a kan asusun da ya riga ya wanzu sai in kai ka ƙirƙire shi, ko ɗaya daga cikin manyan admin. Kuskuren yakan zo da lamba 0xaac. A Maris 2023 aka ƙara wata doka a kan sabar domen inda za ka lissafa rukunin amintattun masu ƙirƙira. A nan ake warware shi, ba da goge asusun a sake buɗewa ba.

Shigarwar kanta

Sauya suna, a sake kunna na'ura, sannan a shigar. Ana iya haɗa biyun a umarni ɗaya, amma in rabin na biyu ya gaza, za ka tashi da na'ura a rajista da tsohon sunan DESKTOP. A PowerShell da ikon admin:

`Rename-Computer -NewName JED-PC-00412 -Restart`

Bayan ta dawo:

`Add-Computer -DomainName ofis.misali.com.sa -OUPath "OU=Tebur,OU=Jidda,DC=ofis,DC=misali,DC=com,DC=sa" -Credential OFIS\mai-shigarwa -Restart`

Mai son allo ya buga sysdm.cpl, ya shiga shafin sunan kwamfuta, sai dai ta can babu gurbin zaɓar ɗaki. A rubuta cikakken sunan domen, ba gajeren ba. In aka ce kalmar sirri ba daidai ba alhali ka tabbata daidai ce, kalli kusurwar allo, sau da yawa madannin yana kan Larabci ne, Alt da Shift su mayar da shi. In ta ƙi shiga saboda wani dalilin, Windows yana rubuta kowane mataki a C:\Windows\debug\NetSetup.log. Gangara ƙarshen fayil ɗin, ka hau sama har ka ga layin farko da ya gaza.

Ga reshen da layinsa da hedikwata bai riga ya tsaya ba, akwai umarnin djoin, wanda ya zo tun Windows 7. Ana shirya fayil a hedikwata, a kai shi reshe, na'ura ta shiga ba tare da ta ga saba ba. Sai dai ma'aikaci ba zai iya shigarsa ta farko ba sai ta ga saba, kuma fayil ɗin yana ɗauke da sirrin na'urar, a goge shi da an gama.

Masu shirya kwamfuta ɗaya su kwafe ta a kan talatin, su gudanar da sysprep tare da /generalize kafin ɗaukar kwafin, kuma kada uwar kwafin ta kasance cikin domen. In ba haka ba, talatin ɗin za su farka da suna ɗaya da shaida ɗaya.

Bayan ta sake kunnuwa, a tabbatar da abu uku: nltest /sc_verify tare da sunan domen ya ce lafiya, gpresult /r ya nuna dokokin ɗakinta, sunanta kuma ya bayyana a DNS. A sa ma'aikacin ya shiga sau ɗaya tana kan hanyar sadarwar ofis kafin ya fita da ita, domin daga nan Windows ke ajiye shaidarsa, har ta mutum 10 na ƙarshe, ta yadda zai iya buɗe ta a Mina babu saba. In tsohuwar na'ura ce da yake amfani da ita da asusun cikin gida, zai ga allo fayau ya ɗauka komai ya ɓace. Fayilolinsa suna nan a tsohon babban fayil ƙarƙashin C:\Users, a kwaso masa. Asusun admin na cikin gida kuma a miƙa shi ga Windows LAPS, wanda ya shigo cikin Windows a Afrilu 2023, ya ba kowace na'ura kalmar sirri tata daban ya ajiye a rajista.

In amana ta warware

Wata safiya ma'aikaci zai ga saƙo yana cewa dangantakar amana tsakanin wannan kwamfuta da domen ta lalace. Ma'anarsa kalmar sirrin da na'urar ke riƙe da ita ta saɓa da wadda ke rajista. Dalilai uku ne suka fi yawa: an mayar da na'urar baya zuwa wani tsohon kwafi mai tsohuwar kalma, ko an goge ko sake saita asusunta, ko an shigar da wata sabuwa da irin sunanta ta ƙwace asusun.

Dogon zama a kashe ba ya cikin dalilan, duk da yadda ake yawan faɗin haka. Na'urar ce ke neman sauya kalmar, saba ba ta tilasta mata. Kwamfutocin aikin Hajji da ake mayarwa kwali a Muharram a fito da su a Shawwal za su dawo su gaisa da saba lafiya. Abin da ke kashe su shi ne shara: wani ya nemo duk na'urorin da ba su leƙo ba kwana 90 ya goge. Don haka a ba na'urorin aikin Hajji ɗakinsu daban a rajista, a cire shi daga shara. Sauran ma a fara da dakatar da asusu, a jira wata ɗaya ko biyu, sannan a goge.

Gyaran ba ya buƙatar fitar da na'ura daga domen a mayar. Shiga da asusun admin na cikin gida, ta hanyar rubuta ɗigo da karkataccen layi kafin sunan, kamar .\admin, ka ɗauko kalmarsa daga LAPS, sannan:

`Test-ComputerSecureChannel -Repair -Credential OFIS\mai-shigarwa`

In sunan ne ya yi karo, a fara sauya wa ɗayansu suna, in ba haka ba za su yi ta ƙwace asusun daga juna. Kuma kafin hannu ya kai ga goge asusun kowace na'ura, a tuna mabuɗin ceto na BitLocker yana rataye ne a ƙarƙashin wannan asusun, haka kalmar LAPS. In asusun ya tafi, sun tafi tare, kuma ranar da faifan ya nemi lambobinsa 48 ba inda za a samo su. Kwandon shara na Active Directory, wanda ya zo da Windows Server 2008 R2, yana dawo da asusun da duk abin da ke jikinsa, yawanci har kwana 180, amma a kashe yake zuwa, kuma abin da aka goge bayan an kunna shi kaɗai yake iya cetowa. A duba shi yau a kan saba, kafin a buɗe kwalin farko.